Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Tsangayar Likitancin Dabbobi Kan Sabon Tsarin Jarrabawa

Zuwa ga Shugaban Tsangaya da sauran malamanmu mambobin majalisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, muna fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da mu.

Ranku ya daɗe, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, kuma 'yan ajinmu ne suka ɗora mini nauyin rubuta wannan wasiƙa bayan zaman da muka yi da wakilan azuzuwan da ke bayanmu. Mu kam mun kusa fita, sabon tsarin ƙannenmu zai fi shafa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu jarrabawar gidan nan da ba mu zauna ba, tun daga ta sanin sassan jikin dabba har zuwa ta asibiti, shi ya sa muka ga bai kamata mu tattara kayanmu mu tafi da bakinmu a rufe ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne sanarwar da aka liƙa a allo, mai ɗauke da hukunci biyu. An rage makin aikin hannu daga 30 zuwa 10 cikin 100, bisa dalilin cewa ɗalibai sun yi yawa, dabbobin koyarwa sun yi kaɗan. An kuma soke jarrabawar gyara, wadda muke kira risit, ta yadda duk wanda ya faɗi darasi ɗaya zai maimaita shekara ɗungurungum. Mun fara bin hanyar ofis, mun kai takarda, mun jira, shiru. Wannan ne ya sa muka fito fili, kuma muna neman afuwa idan hakan ya yi muku nauyi.

Kada wani ya ɗauka sauƙi muka zo nema. Makin cin jarrabawa, wato 50 cikin 100, ya zauna inda yake, ba mu da ja a kai. Abin da ke damunmu shi ne maki ya riƙa faɗin gaskiya game da mai shi. Ranar da kuka sa hannu a takardar shaidar ɗalibi, kun gaya wa duk mai dabba cewa zai iya miƙa wa wannan mutum saniyarsa ko dokinsa ya koma gida hankali kwance. Tsarin da aka fito da shi yana nisanta maki daga wannan shaida.

Bari in fara da makin aikin hannu, domin nan ne ciwon ya fi zurfi, kuma in fara da kaina. A darasin sanin magunguna ina cikin waɗanda suka fi kowa maki. Na rubuta a takarda, ba tare da kuskure ba, cewa shanu sun fi dawaki saurin kamuwa da maganin kwantar da dabba na zailazin, har abin da ake ba saniya a kan kowane kilo bai wuce kusan ɗaya bisa goma na doki ba. Na rubuta cewa maganin yana zuwa a kwalba iri biyu, mai miligiram 20 a kowace mililita da mai miligiram 100. Aka ba ni makina cif. Bayan shekara guda, a asibitin koyarwa, aka kawo saniya mai nauyin kilo 300 da za a yi wa ɗinki. Na yi lissafina daidai: miligiram 30, wato mililita ɗaya da rabi daga kwalba mai 20. Sai na miƙa hannu na ɗauki kwalba mai 100 na zuƙi mililita ɗaya da rabi. Miligiram 150 ke nan, ninki biyar. Wani dattijo ma'aikacin asibitin, wanda ba ya cikin masu ba da maki, shi ya riƙe mini hannu ya ce, "'Yata, sake duba kwalbar nan." Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Babu jarrabawar da na zauna da ta taɓa sa ni ɗaukar kwalba a gaban mai dubawa. Da an yi, da tun a ɗakin gwaji aka kama ni, inda kuskure ba ya kashe komai. Aikin hannun da ya kamata ya ƙunshi irin wannan gwaji ne yanzu aka mayar maki 10. Ma'anarsa kuwa ɗalibi zai iya samun sifili a aikin hannu, ya kasa gano jijiyar wuyan tunkiya, ya kasa ɗaure jijiyar da ke zubar da jini, ya kasa sa hannu ta dubura ya faɗi ko saniya na da ciki, kuma ya haye da maki mai kyau saboda ya iya hadda. Kun san halin ɗalibi, malamanmu, domin ku ma kun yi zamaninku: inda maki yake, nan yake kai lokacinsa. Idan aka ce aikin hannu 10 ne, to ranar zagayen asibiti za ku ga rabin aji a ɗakin karatu suna bitar tsofaffin tambayoyi, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Wannan magana ba mu muka ƙago ta ba. A 1990 wani masanin koyar da likitoci a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan ya yi a bakin aiki. Takarda da biro suna iya auna hawa biyun farko, a nan ƙarfinsu ya tsaya. A 2012 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Faris, wadda a lokacin ake kira OIE, yanzu kuma WOAH, ta fitar da jerin abubuwan da ya wajaba sabon likitan dabbobi ya iya tun ranar farko da ya fita makaranta. Ku kuka koya mana wannan jeri a aji. Ku kuka ba mu labarin Claude Bourgelat, wanda ya kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761, a zamanin da annoba ke share garken shanu a Turai, da kuma yadda aka wayi gari a 2011 aka ayyana kawar da cutar bushiya, wato annobar shanu, daga duniya baki ɗaya. Waɗanda suka yi wannan aiki mutane ne da suka iya kama dabba, suka iya yi mata allura, suka iya duban idonta da bakinta su gane abin da ke damunta.

Mun yarda ɗalibai sun yi yawa, dabbobi sun yi kaɗan, kuma ba daidai ba ne a tara mutum hamsin a kan saniya ɗaya kowa yana cusa mata hannu. Amma an daɗe da samo wa wannan matsala hanya. Tun 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dandi ta ƙasar Sikotland suka bayyana tsarin jarrabawar tasha-tasha da ake kira OSCE, wanda makarantun likitancin dabbobi da yawa suka ɗauka daga baya. Ana jera tebura, kowane da aiki ɗaya na 'yan mintuna, da mai dubawa riƙe da takardar matakai yana sa alama. A wannan tebur ka lissafa magani ka zuƙa a sirinji, a wancan ka yi ɗinki a kan fatar roba, a na gaba ka sa safar tiyata ba tare da ka gurɓata ta ba, a wani ka naɗa bandeji a ƙafar gunki, a wani ka duba jini a madubin likita. Ƙararrawa na bugawa kowa ya matsa gaba. Yawancin teburan nan ba sa buƙatar dabba mai rai ko ɗaya, kuma aji guda na iya gamawa a wuni ɗaya ko biyu. Kowa aiki iri ɗaya ya yi, da ma'auni iri ɗaya aka auna shi. Dabbobin da muke da su sai a keɓe su ga abin da ba ya yiwuwa sai da su.

Akwai kuma wani abu da haɗa maki wuri ɗaya ke ɓoyewa. Wasu kurakuran a wannan aiki ba sa ɗaukar ramuwa. Wanda zai yanka gawar saniyar da ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura, ba tare da ya yi zargin ciwon saifa ba, wato cutar antaraks mai kama dabba da mutum, ya gurɓata ƙasar wurin na shekaru, ya jefa kansa da masu taya shi cikin haɗari. Wanda zai ba kyanwa farasitamol ya kashe ta. Wanda zai tura ruwan kalsiyam cikin jijiya da gaggawa ga saniyar da ta kwanta bayan haihuwa yana iya tsayar mata da zuciya. Wanda bai san kwanakin da ake jira bayan an yi wa dabba magani kafin a sha nononta ko a yanka ta ba, mutane zai cutar. A tsarin yanzu ɗalibi na iya faɗuwa duk waɗannan, ya rama da doguwar amsa a kan tarihin wata cuta, jimilla ta ba shi 55.

Sai batun soke risit. Mun fahimci niyyar, wato kada ɗalibi ya yi sakaci yana taƙama da dama ta biyu. Amma ku dubi abin da zai biyo baya. Ɗalibin da ya ci darussa bakwai ya samu 48 a na takwas zai koma ya sake zaman duka takwas ɗin. Shekara guda ta rayuwarsa ta tafi, da ɗawainiyar waɗanda ke riƙe da karatunsa. Zai kuma koma ajin da ke bayansa ya ƙara musu yawa a ɗakin gwaji da asibiti, alhali cunkoson nan shi ne dalilin da aka bayar na rage aikin hannu. Hukunci na biyu yana ƙara wa matsalar hukunci na farko nauyi ke nan.

Abin da ya fi wannan tayar mana da hankali ya shafe ku ne, malamanmu. Ku iyaye ne, kuna da tausayi. Malamin da ke riƙe da takarda mai 47, ya kuma san cewa idan ya bar ta a haka yaron ya rasa shekara, hannunsa zai yi nauyi. Zai sake dubawa ya nemo maki uku a wani lungu. Da akwai risit, da sai ya bar 47 ɗin a matsayinta, yaron ya je ya yi makonni shida yana gyara inda ya gaza, ya dawo ya ci da guminsa. Idan hukuncin faɗuwa ya yi tsanani fiye da kima, masu rauni ba faɗuwa za su yi ba, tura su za a yi gaba da rauninsu, kuma babu wanda zai rubuta hakan a ko'ina.

Ita kanta iyakar 50 ɗin tana buƙatar a dube ta. Tambayoyin bana ba su kai na bara wuya ba, ko sun fi su, amma layin yana nan inda yake. Malamai biyu na iya duba amsa ɗaya, wannan ya ba da 12 wancan ya ba da 15 cikin 20, kowa da hujjarsa. To ina bambancin mai 49 da mai 51, har ɗaya ya wuce ɗaya ya rasa shekara? Akwai hanyar da wani masanin tsara jarrabawa, William Angoff, ya bayyana a 1971, inda malamai ke zama kafin jarrabawa su bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya suna ƙiyasta yadda ɗalibi mafi ƙarancin cancanta zai yi da kowacce, daga nan a fitar da makin ci na wannan takarda. Jarrabawar lasisin likitocin dabbobi ta Amurka da Kanada, NAVLE, mai tambayoyi 360, ita ma a kan ma'aunin cancanta aka kafa makin cinta, ba ruwanta da yawan waɗanda suka ci ko suka faɗi a shekarar. Ba mu ce a kwafo ta ba. Muna so dai idan an ce ɗalibi ya faɗi, a iya nuna masa yadda aka ja layin.

Tunda mun buɗe baki, ku yi mana haƙuri mu ambaci wasu tsofaffin matsaloli da sabon tsarin zai ƙara wa dafi. Jarrabawar baka ta zama kamar ƙuri'a. Wani ya shiga a tambaye shi gidaje huɗu na cikin saniya ko dalilin da ya sa doki ba ya amai, minti uku ya fito yana murmushi. Na bayansa ya shiga a riƙe shi minti ashirin a kan wata tsutsa da aka ambata sau ɗaya a gefen littafi. Wanda ya shiga da safe da wanda ya shiga dab da magariba, lokacin da kowa ya gaji, ba jarrabawa ɗaya suka yi ba. Babu rubutaccen abin da aka tambaya, babu na abin da aka amsa, don haka ko ɗalibi ya yi ƙorafi babu abin da za a duba. Da, wanda ƙuri'a ta faɗa wa yana da risit. Yanzu shekara zai biya.

Takardun amsa kuwa, tunda muka shigo ba mu taɓa sake ganin ko ɗaya ba. Lamba kawai muke gani. Wanda ya samu 60 bai san ina 40 ɗinsa suka zube ba, ko a sunayen ƙasusuwan ƙafa ne, ko a lissafin magani. Idan a lissafi ne, da shi zai fita ya je gonar mutane. Sakamakon gwaje-gwajen tsakiyar zango ma sau da yawa sai bayan babbar jarrabawa yake fitowa, lokacin da sanin sa ba ya gyara komai. Ga jadawalin da ke jera manyan darussa kwana bayan kwana, ilimin cututtuka yau, tiyata gobe, haihuwa jibi. Tun 1885 wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna yadda abin da aka haddace ke zubewa da sauri idan ba a waiwaye shi ba. Mu ma shaida ne: abin da muka cusa a daren jarrabawa, kafin mako ya zagayo ya tafi.

Sai liƙa sakamako da cikakken suna a allo, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Mun ga abin da yake haifarwa: masu ɓoye littafin da suka samu, masu ƙin taya juna bita, da wanda ya daina shigowa aji kwana da kwanaki saboda kunya. Wannan aiki da ma yana da nauyi a zuciya. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2019, wanda ya bi mace-macen likitocin dabbobi a ƙasar daga 1979 zuwa 2015, ya gano cewa yiwuwar mutuwa ta hanyar kashe kai ta ninka ta sauran jama'a sau 2.1 ga maza, sau 3.5 ga mata. Ba jarrabawa muke ɗora wa wannan ba, dalilansa suna da yawa. Amma makaranta ce wurin da mutum ke koyon ko zai iya cewa "na kasa, a taimake ni" ko kuwa zai haɗiye. Ko a ɓangaren likitocin mutane, tun Janairun 2022 matakin farko na jarrabawar lasisi a Amurka ya daina ba da lamba, sai "ya ci" ko "ya faɗi". Mu ba mu kai ga neman haka ba, domin muna ganin wanda ya yi fice ya cancanci a san ya yi fice.

Mu ma muna da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. A cikinmu akwai masu satar amsa, akwai masu sa wa abokansu hannu a takardar halarta, akwai waɗanda ba sa buɗe littafi sai an fitar da jadawali. Duk hukuncin da kuka yanke wa mai satar amsa muna bayanku, domin wanda ya saci amsa a kan lissafin magani dabbar wani zai kashe gobe. Sai dai tebur ɗin OSCE ya fi kowane mai gadi maganin wannan, tunda babu yadda za a yi wani ya ɗinka maka fata daga kujerar baya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon a dakatar da aiki da sanarwar nan har majalisa ta sake zama a kanta, kuma a ba wakilai biyu na ɗalibai damar yin bayani a zaman kafin a fitar da su a yanke hukunci. Muna roƙon a mayar da makin aikin hannu 30, a kuma raba shi da na rubutu ta yadda dole ɗalibi ya ci kowanne da kansa. A ware 'yan abubuwan da kuskure a cikinsu ke kashe dabba ko cutar da mutum, a ce duk wanda ya faɗi ɗaya sai ya sake shi har ya iya, komai yawan makinsa a sauran. A gwada jarrabawar tasha-tasha a aji ɗaya a zango mai zuwa. Mu 'yan ajin ƙarshe mun ɗauki alkawarin taimakawa wajen haɗa kayan gwaji da jera tebura kafin mu tafi.

A dawo da risit sau ɗaya ga wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu, a taƙaita makinsa a kan makin ci komai ƙoƙarin da ya yi, domin kada ya fi wanda ya ci tun farko. Wanda ya faɗi risit ɗin, ko ya faɗi darussa uku, ya maimaita shekara, ba mu da ta cewa. A jarrabawar baka a tanadi tambayoyi a rubuce masu nauyi ɗaya, ɗalibi ya zara da hannunsa, a ƙayyade lokaci, malamai biyu su ba da maki kowa a takardarsa kafin su haɗa. A sa rana ɗaya bayan kowace jarrabawa da ɗalibi zai ga takardarsa a gaban malami, ko da ba zai fita da ita ba, a kuma riƙa ɓoye sunaye a takardun kafin a duba su. Sakamakon gwajin tsakiyar zango ya fito aƙalla mako biyu kafin babbar jarrabawa, a bar kwana ɗaya tsakanin manyan darussa, sakamako kuma a riƙa liƙa shi da lambar rajista kawai.

Muna fatan samun amsarku a rubuce kafin a fitar da jadawalin jarrabawar wannan zango, ko da amsar ita ce wasu daga cikin buƙatun ba za su yiwu ba, tare da dalili. Wakilanmu suna nan a shirye duk ranar da kuka kira.

Allah Ya ƙara girma, Ya ja zamaninku. Wassalamu alaikum.

'Yarku kuma ɗalibarku,
Wakiliyar ajin ƙarshe, a madadin ɗaliban tsangaya.